Muhawara: fim ya wayar mana da kai kan karayar 2008, ko shaƙatawa kawai ya ba mu?

Ɗalibin Fim: Jama'a, ina nan a kan bakana. Fim ɗin The Big Short, wanda Adam McKay ya fitar a 2015, ya fahimtar da mutane karayar tattalin arzikin 2008 fiye da duk sharhin jaridu. Ku tuna inda ya kawo mai girki Anthony Bourdain: kifi ya kwana uku bai sayu ba, sai ya daddatsa shi ya zuba a miya, ya sayar a matsayin sabon girki. Haka bankunan Amurka suka tattara basussukan gidajen da ba za su biyu ba, suka sake musu suna, kamfanonin tantancewa suka buga musu tambarin AAA, wato shaidar inganci mafi girma. Wa zai manta wannan?

Kawu Tsohon Ma'aikacin Banki: Ɗana, bayanin kifin daidai ne. Amma gaya mini, bayan wa kake lokacin da kake kallo? Bayan waɗanda suka hango rugujewar suka zuba kuɗi a kanta. Kana zaune kana fatan kasuwa ta faɗi don su ci riba, alhali faɗuwar nan miliyoyin mutane ta raba da gidajensu.

Ɗalibin Fim: Kawu, fim ɗin bai ɓoye haka ba. Akwai inda Brad Pitt ya tsawata wa samari biyu da ke rawar murna, ya tuna musu mutane ne za su rasa aiki da muhalli. Akwai kuma ɗan hayan da ke biyan kuɗinsa a kan kari, bai san maigidan ya daina biyan banki ba.

Anti Malama: Minti nawa aka ba ɗan hayan nan? Ni damuwata ma daban ce. Ka tambayi wanda ya kalla, bayan mako guda, mece ce inshorar da aka saya a kan bashin wani. Zai tuno maka mace a bahon wanka da teburin caca da fim ɗin ya yi bayani da su, bayanin kuwa ya bi iska. Kuma ba zan iya nuna wa ɗalibaina shi ba. Fim ɗin Margin Call na 2011 ya fi kama hankalina: dare ɗaya a banki ɗaya, manya suka gane takardun hannunsu ba su da daraja, suka yanke shawarar sauke su kan abokan cinikinsu da gari ya waye. Ba dariya, amma ka ga yadda amana ke mutuwa.

Kawu Tsohon Ma'aikacin Banki: Ku bar Amurka tukuna. Bankinsu na Lehman Brothers ya durƙushe a Satumbar 2008, amma tamu kasuwar hannun jari ta fara gangarowa tun Maris na shekarar. Kafin nan, a Jos ɗin nan, har mai sayar da dankali a Farin Gada maganar hannun jari yake yi. Bankuna na ba mutum rance ya sayi hannun jari, hannun jarin kuma shi ne jingina. Da farashi ya faɗi, jingina ta narke, bashi da kuɗin ruwa suka tsaya cak. Na ga dattijo da ya zuba kuɗin sallamarsa gaba ɗaya, ya zo da satifiket a cikin leda, ya shimfiɗa su a kan kanta yana gyara kusurwoyinsu da yatsa, yana tambaya nawa suka rage. Wallahi na kasa kallon idonsa. A Agustan 2009 Sanusi Lamido Sanusi, Gwamnan Babban Banki a lokacin, ya sauke shugabannin bankuna biyar, Babban Banki ya zuba naira biliyan 420, a 2010 aka kafa hukumar AMCON ta saye ruɓaɓɓun basussuka. An ceto bankuna. Dattijon nan fa?

Alhaji na Terminus: To ai Kawu, ka goyi bayan yaron nan ke nan. Da an yi wannan labarin da Hausa, mutanenmu da yawa ba za su faɗa damfarar zuba kuɗi ta MMM ba a 2016.

Anti Malama: A'a Alhaji. Babban Banki ya yi gargaɗi, malamai sun yi wa'azi a kan riba, mutane suka toshe kunne. Kwaɗayi ne, ba rashin bayani ba.

Alhaji na Terminus: Gargaɗi daban, ka ga mutum irinka yana kuka a talabijin daban, Malama.

Ɗalibin Fim: Kawu, in na rubuta labarin, za ka zauna da ni ka nuna mini yadda takardar rancen nan take?

Kawu Tsohon Ma'aikacin Banki: Zan zauna, da sharaɗin dattijon ne jarumi, ba dillalin hannun jari ba.

Ɗalibin Fim: A nan za mu sha bamban. Dattijon bai san abin da ke faruwa ba, ta bakinsa ba za a iya bayyana komai ba. Dole kyamara ta shiga ofishin dillali. Amma zan kawo maka fitowa biyu ranar Asabar bayan La'asar, ka duba.