Filaza da ɗakin taro a sama: a kan me zan tsaya kafin a fara zane?

Ɗan Kwari:

Assalamu alaikum jama'a. Muna da fuloti 100 ta 100 a bakin titin Gidan Zoo, ni da ƙannena, kuma mun yanke shawarar gina filaza: shaguna a ƙasa, ofisoshi da sito a hawa na ɗaya, ɗakin taro na biki da lacca mai cin mutum 300 a hawa na biyu, da ɗan masallaci a harabar. Wani mai zane ya ce zai fitar mana da shago 24 a ƙasa, ya gama cikin sati guda. Wani akitek kuma ya ce shago 16 ne kawai za su fita, kuma sai an gwada ƙasa tukuna. Bambancin shago takwas ba ƙaramin kuɗin haya ba ne. Masana, ina shagunan nan suka tafi? Kuma mene ne matakan da ake bi?

Akitek Gwale:

Wa alaikumus salam Alhaji. Shagunan nan takwas ba ɓacewa suka yi ba, suna cikin wurin ajiye mota, da matattakala ta biyu, da banɗaki, da ɗakin janareto, da ja-bayan da hukuma za ta nema daga titi. Mai zanen da ya ce shago 24 bai zana waɗannan ba ne kawai.

Fuloti 100 ta 100 kusan mita 30 da rabi ne kowane ɓangare, wato murabba'in mita 930 ko kusa da haka. Mota ɗaya tana cin mita 2.5 a faɗi da mita 5 a tsawo, kuma tana son mita 6 a bayanta kafin ta juya. Jerin mota goma a gaba ya riga ya cinye mita 11 daga zurfin filin. Wanda ya hana motoci wuri, kwastomominsa a kan kwalta za su tsaya, su yi ta fama da 'yan KAROTA, daga baya su koma filazar maƙwabci.

Ga yadda aikin yake tafiya a ofishin da ya san abin da yake yi. Safiyo ya fara auna filin, ya nuna iyaka da tudu da gangare da tsayin kwatar titi. A zauna da ku a rubuta buƙata dalla-dalla, har da irin kayan da za a sayar, domin shagon waya da shagon atamfa ba gini ɗaya ba ne. Akitek ya karɓo adadin ja-baya daga KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano, tun kafin ya ja layin farko, don ya danganta da girman titin. Sai zanen gwaji, ku yi ta gardama a kansa har ku gamsu. A wannan matakin gyara na fensir ne, bayan an zuba kankare kuwa na guduma ne. Sannan injiniyan gini da na lantarki da na ruwa su ɗora nasu zanen, mai lissafin kayan aiki ya fitar da adadin siminti da rodi da bulo, a haɗa da takardar mallakar fili a kai KNUPDA neman izini. Ku duba hatimi: akitek ya zama mai rajista da ARCON, hukumar rajistar akitek-akitek, injiniya da COREN, ta injiniyoyi. Sati guda ba ya isar wannan.

Abin da ya fi damuna a bayaninka shi ne ɗakin taron. Mutum 300 a kan tebura suna son kusan murabba'in mita 1.2 kowanne, wato 360, ban da dandamali da wurin raba abinci. Wannan zai shiga. Saukowarsu ce matsalar. Dole matattakala biyu, a kusurwoyi biyu masu nisa da juna, kowacce faɗinta bai gaza mita 1.5 ba, saboda ana lissafi ne a kan cewa hayaƙi zai iya toshe ɗaya. Ƙofofi su buɗe waje, kada a saka masu zugewa. Tsayin kowane taki santimita 15 zuwa 17, shimfiɗarsa 28 zuwa 30, duka daidai wa daida. Taki ɗaya da ya fi 'yan'uwansa tsayi shi yake kayar da mutane, musamman mata masu doguwar riga da takalmi mai tsini. Ka kuma tuna su wa suke zuwa biki: iyaye mata, tsofaffi, masu goyo. Da shawarata za a bi, ɗakin taron ya sauko hawa na ɗaya, ofisoshi su hau sama.

Injiniyan Gini:

Akitek, na yarda da kai a kan matattakala, amma ban yarda a sauko da ɗakin taron ba. Ɗakin taro ba ya son fila, wato ginshiƙi, a tsakiya. Idan yana can sama, babu abin da ke kansa sai rufi, sai a tsallaka mita 15 ko 18 da tiros, wato ƙarafan da ke riƙe rufi, cikin sauƙi. Idan ka sa shi a tsakiya, ofisoshin da ke kansa sai sun zauna a kan manya-manyan bim, wato kankaren da ke kwance daga fila zuwa fila, masu zurfin fiye da mita guda, kuɗin rodi ya tashi, tsayin hawan ma ya ƙaru. Kuɗin da za a kashe a nan ya fi kyau a sa shi a lifta da sola mai riƙe ta. Ko ba a sayi liftar yanzu ba, a bar raminta a zane.

Alhaji, gwajin ƙasa kuwa kada ka yi jayayya da shi. Kano gari ne na kududdufai. Ramukan da kakanni suka haƙa don ɗebo ƙasar gini, da yawansu an cike su da shara da baraguzai an yanka fulotai a kai. A ido ƙasa ce kamar kowacce. Gwajin ne zai nuna ko fandisho na ƙarƙashin kowace fila zai wadatar, ko sai an yi shimfiɗaɗɗe wanda ya game ginin duka. Kuɗinsa bai kai na tirelar siminti ɗaya ba.

Sai kalmar nan da ka ambata a wuce, sito. Dekin na gidan zama ana lissafa shi a kan kilo 150 zuwa 200 a kowane murabba'in mita. Na shago kusan 400. Ɗakin taron da za a yi rawa a ciki 500. Sito kuwa da tsayin kayan da aka jibge ake lissafa shi, kuma dilolin atamfa ko shadda da aka tara har silin suna iya ninka na shago. Idan ba a faɗa wa injiniya ba, zai yi lissafin ofis, ɗan haya kuma ya zo ya yi sito. Haka tankin ruwa: lita 5,000 tan biyar ne cif, sai a kan fila ko bim da aka tanada, ba inda mai famfo ya ga dama ba. Ku kuma yanke yawan hawa tun yanzu. Ƙara hawa a kan filolin da ba a lissafa da shi ba yana cikin manyan abubuwan da ke rusa gini. Mutanen Kano ba su manta da benen da ya rufta a titin Beirut a watan Agustan 2022 ana tsaka da gina shi ba.

A wurin aiki ga abin da za ka iya dubawa da kanka. Rodi mai milimita 12, sanda guda mai tsawon mita 12, nauyinsa kusan kilo 10.7 ne, mai 16 kuma kusan kilo 19. Ka ɗora a sikeli, idan ya gaza sosai an rage masa kauri. A ɗaga rodin dekin da 'yan kankare masu kaurin santimita 2 zuwa 2.5, kada ya kwanta a kan katako, in ba haka ba zai yi tsatsa ya fasa kankaren ta ƙasa. Kwaɓin 1:2:4 (siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu) shi ne mafi ƙaranci, da inji, kuma a hana lebura ƙara ruwa don ya ji daɗin zubawa, ruwan nan ne yake kashe ƙarfin kankare. A ɗebi samfuri a gwada a kwana 7 da kwana 28. Da bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, a zuba da sassafe ko da yamma, a rufe da buhunan algarara a yi ta ba shi ruwa aƙalla kwana bakwai. Hunturu ma haka, iskarsa ta fi rana shanye ruwa. Kada kafinta ya cire turakun dekin kafin sati uku don yana son katakonsa a wani aikin.

Hajiya Mai Zane:

Sannunku da ƙoƙari. Ni a kan rana da ruwan sama zan yi magana, don su ne suke cin kuɗin mai gini shekara da shekaru bayan an tare.

Yayin da ake yi yanzu shi ne a lulluɓe fuskar filaza da gilashi tun daga ƙasa har sama. Idan fuskar tana kallon yamma, daga azahar zuwa la'asar ofisoshin nan tanderu ne, kuma da hunturu ƙura ta dusashe gilashin ba mai iya hawa ya goge. Kano tana kan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya. Rana a sama take tsaka, don haka bangon kudu da na arewa suna da sauƙin karewa: taga mai tsayin mita 1.2 a kudu, rumfar kankare ta santimita 85 a kanta ta isa ta tare ranar tsakar rana ko a Disamba. Kada a bar arewa tsirara, domin daga ƙarshen Afrilu zuwa wajen ƙarshen Agusta rana ta arewa take bi. Gabas da yamma kuwa rumfa ba ta yi musu magani, rana a kwance take shigowa. Nan ake tura matattakala da banɗaki da sito, ko a yi baranda mai zurfin mita 2 wadda ita ce kuma hanyar shiga shaguna. Titi ne yake zaɓar wa filaza fuska, shi ya sa barandar take da muhimmanci. Ku shiga Gidan Makama da rana tsaka ku ji sanyin ɗakunan: bango mai kauri, tagogi ƙanana. Ba cewa nake a yi filaza da tubali da azara ba, hikimar nake nufi.

Ruwan sama kuma, milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Rufi mai murabba'in mita 500, ruwan milimita 50 irin na Agusta, lita 25,000 ke nan cikin ɗan lokaci. Rawanin da ake ɗagawa a ɓoye kwano yana da amfani, yana hana guguwar farkon damina yaye rufi. Amma kwatar da ke bayansa ita ce inda yawancin filazoji suke yoyo. A yi ta da faɗin santimita 60, da gangare, a shafe ta da maganin hana ruwa, a sa bututun inci 4 ga kowane murabba'in mita 70 zuwa 80 na rufi. Sannan a huda rawanin a sa indararo sama kaɗan da bakin bututun, don ranar da leda da ƙurar hunturu suka toshe shi ruwan ya zubo waje, ba cikin silin ba. Magina na da sun san wannan.

Daɓen ƙasa ya ɗara titi da santimita 45 zuwa 60. Kai da kake kasuwar Kantin Kwari ka ga abin da ambaliyar 2022 ta yi wa kayan mutane. To amma ɗagawar tana jawo gangaren masu keken guragu: kowane santimita ɗaya na tsayi yana son 12 na tsawo, wato santimita 60 sai mita 7.2. Dokar kare masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta wajabta wannan a gine-ginen da jama'a ke shiga, kuma masu turo kaya a baro su za su fi kowa morar sa. Idan ba a ware masa wuri a zane ba, birkila zai manna wani ɗan tudu a bakin ƙofa wanda ko mai ƙafa biyu sai ya dafa.

Masallaci: mutum ɗaya santimita 60 ta 120, mutum 40 kusan murabba'in mita 30. Alƙiblar Kano ba gabas sak ba ce, kusan digiri 68 ce daga arewa, don haka a karkata ɗakin tun a zane, kada a gama a dawo ana karkata darduma ana asarar sahu. Ƙofa ta kasance a baya ko gefe. Wurin alwala na maza daban, na mata daban, kuma a lura da mazaunin banɗaki kada ya fuskanci alƙibla ko ya ba ta baya. A ɗakin taron, banɗakin mata ya fi na maza yawa.

Ɗan Kwari:

Allah ya saka da alheri, na fahimci inda shagunan suka shiga. Saura wuta. Mu 'yan kasuwa gobarar Sabon Gari ta 2016 tana ranmu har yau. Me za a sa a zane?

Akitek Gwale:

Injiniya, na karɓi maganarka a kan ɗakin taron, da sharaɗin ramin lifta da matattakala biyu.

Alhaji, bangon da ke tsakanin shago da shago ya zama bulo inci 9, ya hau har ya taɓa dekin. A hawan ƙarshe ya wuce silin ya kai ƙarƙashin kwano. Idan ya tsaya a silin, sararin da ke sama ya zama hanya guda, wuta ta bi ta cinye layin duka. Kowane shago da mitar wutarsa da akwatin fiyus nasa, da makashi guda a waje wanda mai gadi zai iya kashe wutar ginin gaba ɗaya da dare. A tambayi injiniyan lantarki ya yi lissafi da na'urar sanyaya ɗaki a kowane shago ko da ba a saka yanzu ba, don ɗan haya zai saka, kuma siririyar waya ce take zafi ta kama. Batiran sola su samu ɗakinsu mai iska, ba ƙarƙashin matattakala ba. Janareto da tankin mansa a bayan fili, nesa da ƙofar fita, hayaƙinsa ya bi bututu ya wuce tagogi. Tukunyar kashe gobara a bakin kowace matattakala a kowane hawa, ta hoda da ta iskar da ake kashe gobarar lantarki da ita. A bar hanya mai faɗin mita 4 a gefe guda wadda motar 'yan kwana-kwana za ta bi ta kai baya, kuma ku rubuta a yarjejeniyar haya cewa ba a kafa kwantena ko tebur a cikinta, haka ma ƙarƙashin matattakala ba za a mai da shi shago ba.