Tifa tana yin ƙas amma ba ta tashi

Direban Kwangila: Salam. Tsohuwar tifa ce mai batir biyu. In an murɗa makulli sai ƙas sau ɗaya, shiru. Kik (na'urar da ke juya inji ya tashi) ne ko salanoid (makunnin da ke ba kik wuta)?

Bakanike Sabon Gari: Malam, fara auna batir. Ya kamata kowanne ya nuna volt 12.6. In jimillarsu ta faɗi ƙasa da 19 lokacin tayarwa, batir ne. Kankare kawunan batir, ka ɗaure wayar da ke kama bodi.

Mai Wayarin PZ: Fitar da giya, ja birkin hannu. Haɗa manyan kusoshi biyu na salanoid da sukundireba mai kauri. Kik ya juya? To tagullar cikin salanoid ta ƙone. In shiru, yawanci burushin cikin kik ne ya cinye.

Bakanike Sabon Gari: Kada dai a bugi kik da guduma, Alhaji.