Rata, sassauci ko gyara? Neman kalmar Hausa ga masu firintar 3D

1/ Jama'a, ku matso, wata kalma ce ta hana ni sakat. Jiya ina nuna wa ƙanena yadda ake saita manhajar da ke yanka zane sala-sala kafin a tura wa firintar 3D, na'urar da ke gina abu da narkakkiyar roba, sai ya tambaye ni me ake nufi da tolerance. Na buɗe baki zan ba shi amsa, na ji Turancin kawai nake sake juyawa. Ya duba a wayarsa, aka ce masa "haƙuri" ko "juriya". To ni dai ban taɓa ganin robar da ta yi wa mutum haƙuri ba.

2/ Ga abin da ya jawo maganar. Mun zana mazaunin boris mai lamba 608, wanda faɗinsa milimita 22 ne, ramin tsakiyarsa 8, kaurinsa 7. Muka zana ramin 22 cif. Da aikin ya huce muka ɓamɓaro shi daga faranti, muka auna, sai ga 21.8. Boris ya ce bai san zancen ba. Kafin in ce kada, yaron ya ɗauko guduma. Mazaunin ya tsage gida biyu, aikin awa uku ya bi ruwa.

3/ Kuma na'urar lafiyarta ƙalau. Haka ramuka suke fitowa a irin wannan bugu, a tsuke. Fayil ɗin STL da ake adana zanen a ciki, wanda kamfanin 3D Systems ya fito da shi tun 1987, bai san da'ira ba, ƙananan kusurwa-uku yake jerawa, don haka ramin da kake gani kewayayye a allo ɓangarori ne miƙaƙƙu da suka ɗan shigo ciki. Sannan narkakkiyar robar da ke fita ta nozul, wato bakin na'urar, mai faɗin 0.4 ana danne ta ne a kan ta ƙasa, sai ta baje gefe. In ta huce kuma ta tsuke. Robar PLA kaɗan take tsukewa, robar ABS ta fi ta sosai.

4/ Da na zauna da kalmar sai na ga su kansu masu Turancin a cakuɗe suke amfani da ita. Abu uku ne suke zubawa a ƙwarya ɗaya. Akwai wurin da kai mai zane ka bari da gangan tsakanin namiji da tamace, wato abin da ke shiga da ramin da yake shiga, don su shiga juna. Akwai iyakar kuskuren da za ka lamunta a awo. Akwai kuma lambar da kake sa wa manhaja don ta rama abin da ka san roba za ta yi. Injiniya na kiran na farko clearance, na biyu tolerance, na uku compensation, amma a bakin masu firinta duk tolerance ne. In za mu raɗa suna, kada mu ɗauko har da ruɗanin.

5/ Na farko bai ba ni wahala ba: RATA. Muna cewa "ba shi rata", "akwai rata a tsakaninsu". Na so in ce tazara, amma tazara tana da nisa a kunne, ta jere ce da tafiya da haihuwa. Rata kuwa tana iya zama siririya kamar gashi. Ƙusar M3, mai kaurin milimita 3, ba a huda mata rami 3 cif, ana yin 3.2 ko 3.4. Wannan ɗan abin da ya hau kai shi ne rata.

6/ Wani ɗan'uwa daga Damagaram ya rubuto cewa a Faransanci kalmar da makanikai ke amfani da ita ma'anarta "wasa", me zai hana mu ce wasa? Malam, na gode, kuma na ga hikimar. Sai dai a kunnena in aka ce ƙarfe yana wasa ko yana rawa, ƙorafi ake yi, abu ya ci, ya yi lako-lako, a canza shi. Rata kuwa ba aibi ba ce, da niyya aka sa ta. Ina ganin mu bar wasa ga ratar da ta wuce kima.

7/ Na biyu ne ya fi cin rai. In aka rubuta 22 da ƙari ko ragin 0.05, ana nufin daga 21.95 zuwa 22.05 duk an karɓa, abin da ya fita daga nan a watsar. An kawo min afuwa, an kawo rangwame, an kawo lamuni. Afuwa sai an yi laifi ake yin ta, alhali wannan tun kafin a fara aiki aka yanke shi. Rangwame gefe ɗaya yake tafiya, ƙasa, mu kuwa namu sama da ƙasa ne. Lamuni ya ja hankalina ƙwarai, don "na lamunta" ita ce ainihin ma'anar, amma duk wanda ya ji lamuni banki zai tuna.

Na tsaya a kan SASSAUCIN AWO. Ana iya cewa sassaucin ya yi yawa, ana iya cewa a tsaurara awo, kuma kowa zai gane ba tare da an yi masa tafsiri ba. Ku gwada a jimla: "Firintar nan ba za ta iya riƙe sassaucin 0.05 ba, a kai wa mai injin sassaƙa ƙarfe." Ko da kun canza ƙarshen jimlar, farkonta ya zauna.

8/ Na uku kuwa kasuwa ce ta ba ni. Baban wani abokina, tsohon ma'auni ne, na karanta masa abin da nake rubutawa. Ya ce, "Yaro, ai wannan gyara ce." Na ce, "Baba, wace gyara?" Ya ce wadda mai awo ke ƙara maka bayan ya cika mudu, don ya san ko ya zube ko bai kai ba. Wallahi sai da na yi shiru. GYARA. Kalma ɗaya ta ɗauki ɗan ƙarin da ake yi, ta kuma ɗauki daidaita abin da ya kauce. Da diyya na fara rubutawa, kun ga da na kwashe mu zuwa kotu.

9/ Da wannan sai saitunan manhajojin su faɗo da kansu. Abin da manhajar Cura ke kira Horizontal Expansion, manhajar PrusaSlicer kuma XY size compensation, shi ne gyaran gefe: yana hura ko ya rage duk jikin aikin ta kewaye. Wanda ya shafi ramuka kaɗai, da ke cikin Cura da OrcaSlicer, gyaran rami. Na tsukewar roba, gyaran tsukewa. Ba mamaki sunayen sun yi kama a wasunsu, don gida ɗaya suka fito: Slic3r na Alessandro Ranellucci, wanda ya fara a 2011, shi ya haifi PrusaSlicer, shi kuma ya haifi Bambu Studio, daga nan OrcaSlicer.

Ku kula da lissafin, nan ne mutane ke faɗawa rami. Gyaran gefe kowane gefe yake taɓawa. In ka sa ragin 0.1, sandar da take 10 za ta koma 9.8, ramin da yake 10 kuma ya buɗe zuwa 10.2. Ka ga rata ta ƙaru da 0.4 a faɗi, kai kuwa kana zaton 0.1 ka taɓa.

10/ Sai ƙafar giwa, wato bajewar da salar farko ke yi saboda an danne ta a kan faranti mai zafi, har gindin aikin ya fi samansa faɗi. Wata 'yar'uwa ta ce ai muna da tundurmi. Hajiya, kalmar ta dace da hoton, amma ciwo ne da mutane ke fama da shi, ba na so ya zama abin raha a shago. Ni da son raina ne da na ce ƙafar raƙumi, don ita ce ke bajewa in ta taka ƙasa. Amma wanda ya koya da giwa zai gane saitin nan take in ya buɗe manhaja, saboda haka na haƙura: gyaran ƙafar giwa.

11/ Irin zaman da namiji ke yi a cikin tamace kuwa, wanda ma'aunin ƙasa da ƙasa na ISO 286 ya kasa gida uku, Hausa ta riga ta gama da shi. Wanda ke juyawa ko zamewa, zaman sako-sako. Wanda ke shiga da ɗan turi da yatsa ya tsaya, zaman ɗas. Wanda namijin ya ɗan fi ramin girma sai an matsa da ƙarfi, zaman matsi. Ƙanena ya ce a kira shi auren dole. A shago na yarda, a rubuce a'a.

12/ Da safen nan muka sake bugawa. Ban taɓa zanen ba, gyaran rami kawai na sa 0.1, na bar gyaran ƙafar giwa a 0.2. Boris ya shiga da babban yatsa, ya zauna ɗas, na kife shi bai faɗo ba.

Saura ita kanta manhajar. Wani ya ce mayanka, na ce can ake fiɗar shanu. Ni "manhajar sala" nake cewa a yanzu, daga salar nama irin ta masu kilishi. Masu wata kalmar, bismillah, ina ƙasa ina karantawa.