Gargaɗin birus na ƙarya a kwamfuta: wa ya taɓa cin karo da shi, kuma yaya kuka yi?

Mai shagon buga takardu, Zongo

Salamu alaikum jama'a. Jiya da la'asar yaron shagona yana nema wa wani ɗalibi tsofaffin takardun jarrabawar BEPC a intanet, sai allon ya rikiɗe shuɗi gaba ɗaya, ga tambarin Windows, ga ƙara, ga wata murya tana ta maimaitawa da Faransanci wai an kulle na'urar, kada a kashe, a kira wata lamba yanzu-yanzu. Babu inda za a latsa a rufe. Muka zare waya daga kuran. Yau ta tashi lafiya lau, amma hankalina bai kwanta ba, don takardun mutane ne cike a ciki, har da na masu rubutun kammala karatu. Birus ne na gaske? In kai a wanke ta?

Mai gyaran kwamfuta, Sabon Gari

Amin alaikumus salam Alhaji. Kwantar da hankalinka, kada ka wanke komai tukuna. Abin da kuka gani shafin intanet ne kawai ya buɗe kansa ya cika allo, ya ɓoye maɓallin rufewa. Shafi ba ya iya leƙa cikin kwamfutarka ya ƙidaya birus. Kuma Microsoft da kansu sun faɗa: saƙonsu na gaskiya ba ya zuwa da lambar waya. Da ka ga lamba, ka san ƴan damfara ne.

In ya sake faruwa, a danne maɓallin Échap a riƙe na ɗan lokaci, allon zai koma daidai, sai a rufe shafin. In ya ƙi, Alt da F4. In ya ƙi kuma, Ctrl da Maj da Échap tare, a zaɓi Chrome, manhajar shiga intanet, a cikin jerin da zai fito a kashe shi daga can. Abu ɗaya da ke kayar da mutane: in an sake buɗe Chrome yakan tambaya ko a maido da shafukan da aka rufe. Kada a yarda, don shi ɗin ne zai dawo. Zare waya kuwa a bar shi sai in babu wata hanya, don yana iya ɓata takardar da ke buɗe.

Malamar lakkwal, Birni

Nawa ba irin na Alhaji ba ne. Ƙananan akwatuna ne ke fitowa a kusurwar ƙasa ta dama, kusa da agogo, ɗaya bayan ɗaya, wai McAfee ɗina, wata manhajar kariya daga birus, ya ƙare, wai an gano birus biyar. Ni kuwa ban taɓa sa McAfee ba. Ina shirya darasi suna fitowa, wani lokaci har da hotunan da ba ka so yaro ya gani, ga ƴaƴana suna zaune kusa da ni. Na kai wa wani ya karɓi jika biyu, kwana kaɗan suka dawo.

Ƙanwar maigidana ce ta gano. Ashe yaran sun shiga wani shafin kallon ƙwallo, aka ce su latsa Autoriser wai don a tabbatar su ba na'ura ba ne. Wannan latsawar ita ce izinin turo sanarwa. Ta rubuta chrome://settings/content/notifications a sama inda ake rubuta adireshi, sai ga jerin shafuka masu sunaye marasa kan gado, haruffa da lambobi a cakuɗe. Ta toshe su duka, ta kuma hana shafuka neman izinin. Shiru har yau. McAfee ɗin ma ba ruwansu, sunansu aka ara.

Mai sayar da kayan salula, Kasuwar Dole

Ni dai ban yarda da wannan lallaɓawar ba. Kwamfutar da ta fara irin wannan hauka, a kwashe takardu a wanke ta a zuba sabon Windows, magana ta ƙare. Haka nake yi wa tawa.

Mai gyaran kwamfuta, Sabon Gari

Abokina, ai wankewa aikina ne, kuma ita ta fi kawo mini kuɗi, amma gaskiya ɗaya ce. Na Malama da na Alhaji babu abin da ya shiga cikin na'urar, to me za a wanke? Kamar a rushe ɗaki ne don wani ya ƙwanƙwasa ƙofa. Kuma yawancin masu wankewa da sun gama sai su zuba manhajojin sata daga kile ɗaya da ya zaga gari, abin da aka kora ya dawo ta nan. Wani ma in ya shiga asusunsa na Google a Chrome, ƙananan manhajojin da ake maƙala wa Chrome (extensions) da ya sa a da su sake sauka da kansu.

Ɗalibin Jami'ar André Salifou

Tawa kam abu ya shiga da gaske. Abokin ɗakina ya ari kwamfutata ya sauke wata manhajar juya bidiyo ta kyauta, ya bi Suivant, Suivant har ƙarshe bai karanta komai ba. Washegari shafin farko ya canza, in na nemi abu a Google sai a kai ni wani wurin nema daban, talla ta cika ko'ina. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne forfe: na haɗa da salulata, na ɗan buɗe shafi biyu, ya ƙare.

Ga yadda na bi. Na latsa maɓallin Windows da R, na rubuta appwiz.cpl, na jera manhajojin bisa ranar da aka sa su. Ranar da ya ari na'urar, abubuwa uku suka shiga tare da abin da ya sauke, na cire su. Na shiga chrome://extensions na tarar da ƙananan manhajoji biyu maƙale da Chrome da ban sani ba. Bayan nan na sauke AdwCleaner, manhajar share irin waɗannan kayan talla, daga shafin kamfanin Malwarebytes, kyauta ne, ba nauyi, kuma a Faransa aka fara ƙirƙirar shi kafin kamfanin ya saye shi a 2016, don haka yana da Faransanci. Ya tono saura. A kula dai a sauke shi daga shafinsu na asali, don akwai masu maƙala talla a sakamakon nema da sunan manhajojin tsaro.

Ma'aikaciyar buro

Bari in faɗi abin da ke faruwa in an kira lambar, don na gani da idona. Wani dattijo a wurin aikinmu ya kira, lambar waje ce. Wani ya ɗauka cikin ladabi da Faransanci mai kyau, ya sa shi ya sauke manhajar da ke ba mutum damar tuƙa kwamfuta daga nesa. Muna tsaye linzami na yawo da kansa, yana buɗe wasu jerin saƙonni masu jan alama yana cewa duk birus ne. Daga baya aka gaya mana kowace kwamfuta mai lafiya tana da wannan jerin. Can sai ya nemi lambar katin banki. Baba ba shi da kati, nan mutumin ya canza murya. Muka cire intanet. Wannan kam an wanke ta, kuma an canza masa kalmomin sirri na imel da Facebook daga wata na'urar, don ba wanda ya san abin da aka kwafa.

Akwai wani salon kuma da ya fara yawo tun 2024: shafi ya ce don a tabbatar kai mutum ne, ka latsa Windows da R, sannan Ctrl da V, sannan Entrée. Wannan ba tsoratarwa ba ce kawai, da hannunka kake shigar da mugun abu.

Mai shagon buga takardu, Zongo

Allah ya saka da alheri. Na duba wurin da Malama ta ce, na samu shafuka huɗu, na toshe. Jerin manhajoji babu baƙo. Sai dai tawa Windows 7 ce, Malam mai gyara, ko da matsala?

Mai gyaran kwamfuta, Sabon Gari

Da matsala Alhaji. Microsoft sun daina gyara Windows 7 tun 14 ga Janairu 2020, Chrome ma ya tsaya a lamba 109 a kanta, ba ya ƙara sabuntawa. Windows 10 ita ma wa'adinta ya cika 14 ga Oktoba 2025. In ba halin canzawa yanzu, bar wannan ta yi aikin bugawa kawai, a cire mata intanet, nema a riƙa yi a salula. Takardun mutane kuma ka kwafe su a wani wuri daban yau. Turo mini hoton takardar da ke manne a jikinta in ga ko za ta ɗauki Windows 11.