Idan ƙwaya ta kama ɗan wasa, ina alhakin kulob ɗin da ke biyansa?

Baban Khalil, Bronx:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Duk wanda ya ga irin wannan da idonsa, don Allah ya faɗa mana. Shekara 11 ina tuƙa tasi a kewayen filin kulob ɗin Yankees a birnin New York, a nan na koyi son besbol, wasan jefa ƙwallo ana bugun ta da sanda. A Oktoban 2015, ana gobe wasan da zai iya fitar da su daga gasa, mai jefa musu ƙwallo CC Sabathia ya ce zai tafi asibitin masu fama da giya. Ranar na ɗauki fasinjoji suna ta zaginsa, amma kulob ɗin ya tsaya masa, ya dawo ya ci gaba da jefa musu ƙwallo har 2019. Wanda ya tsaya mini a rai shi ne Tyler Skaggs, ɗan wasan kulob ɗin Angels. Ranar 1 ga Yulin 2019 aka tsince shi a mace a ɗakin otal a Texas, yana ɗan shekara 27, da ƙwayoyin kashe ciwo masu ƙarfi, fentanil da oksikodon, da kuma giya a jikinsa. Mai ba shi ƙwayar ma'aikacin kulob ɗin ne, Eric Kay, wanda aka yanke wa shekara 22 a 2022. Ɓarawon yana cikin gida kenan.

Alhaji na Houston:
Wa alaikumus salam, Baban Khalil. Ni a ɗana na gani. Yana jefa ƙwallo a wata ƙaramar ƙungiya, jijiyar gwiwar hannunsa ta tsinke, aka yi masa tiyata aka sallame shi da kwalbar oksikodon. Duk mako suna kira su tambayi hannun, nawa yake miƙewa, yaushe zai fara jifa. Ko sau ɗaya ba wanda ya tambayi yadda yake barci. Mahaifiyarsa ce ta lura kwalbar wata guda tana ƙarewa a kwana goma. Da na kira kocin, sai ya ce wannan matsalar gida ce. Na ce masa a filinku hannun ya lalace, likitanku ya rubuta maganin. Bayan wata biyu suka sallame shi. Mu muka biya kuɗin asibitin, har na sayar da motata. Alhamdu lillahi yau shekararsa uku bai taɓa ba.

Maman Ummi:
Allah ya ƙara masa lafiya, Alhaji. Ni ma'aikaciyar jinya ce a nan Amurka, kuma irin ɗanka na gani ba adadi. A babbar gasar besbol wasa 162 kowane kulob ke bugawa a kaka ɗaya, kusan kullum, jiki ba ya samun hutu, kuma wanda ya ce yana jin ciwo yana tsoron a ba wani wurinsa. Sai bayan rasuwar Skaggs, a Disambar 2019, hukumar gasar da ƙungiyar 'yan wasa suka amince a riƙa yi wa 'yan wasa gwajin irin waɗannan ƙwayoyi, wanda aka samu a fara kai shi magani kafin a yi maganar hukunci. Abin da ke ci mini rai shi ne sai da aka binne yaro.

Ɗan Fagge:
Ni ban san besbol ba, Anti, amma na san wannan labarin. Na buga ƙwallon ƙafa a wani ƙaramin kulob a Kano. Idan ƙafa ta kumbura, mai kula da kayanmu ne ke miƙo tiramol kafin a shiga fili. Da ta kama ni, shi ɗin dai ya kai ƙarata wai ina lalata yara.

Alhaji na Houston:
Ɗana, yanzu ya jikin? Akwai mai duba ka?

Ɗan Fagge:
Da sauƙi, Baba. Yayana ke raka ni asibiti duk ranar Laraba.