Asakram: Wa Ya Ƙera Duwatsun Nan?

Ɗan Agadas:
Salamu alaikum. Ga tsarabar duwatsun Hoggar, kudancin Aljeriya. Mai amsawa ya riƙe harafin "ra".

Daga Tamanrasat muka ɗau hanya,
Mota na nishi kan tsakuwar Sahara.
Wajen kilomita 80 sai ga tudun Asakram,
Sanyi ya kama, wuta muke ta hura.
Gari na wayewa na ga duwatsu ƙiƙam,
Kowanne a tsaye tamkar damin kara.
Ginshiƙi na jingine da ginshiƙi,
Ku faɗa mini, wane gwani ya ƙera?

Goggo Talatu:
Ɗan nan, kai ma da neman magana!
Wa ke da gatarin da dutse zai sara?
Buzaye na kiran su Kel Esuf,
Mutanen ɓoye, su suka jera.
In ka yi bisimilla ka wuce abinka,
Kar ka ƙirga abin da ba kai ka tara.

Malam Sani Mai Taswira:
Goggo, a gafarce ni, ba aljan ba ne,
Wuta ce daga cikin ƙasa ta tura.
Narkakken dutse mai kauri ya taso,
A maƙogwaron tsauni ya daskara.
Da ya huce sai ya tsuke ya tsattsage,
Tsagar ce ginshiƙan da ka ga an tsara.
Iska da ruwa, shekaru miliyoyi,
Suka cinye jikin, toshiyar ce saura.

Goggo Talatu:
To Malam, mun ji boko, madalla.
Kwana can kai kaɗai, sannan ka ƙara!

Ɗan Agadas:
Goggo, ai an yi wanda ya kwana,
Bafaranshe ne, duwatsu ya tara.
Charles de Foucauld, a 1911,
Ya yi ɗakin ibada, har yau ana gyara.
Daga tudun kana hango dutsen Tahat,
Mita 2,908, duk Aljeriya shi ya ɗara.
Jagoranmu ya binne gurasar tagella a garwashi,
Ya rufe da yashi, shayi ya ɗora.
Ya tono, ya kakkaɓe, ya gutsuttsura,
Ya kwarara miya, da ci muka fara.

Goggo Talatu:
Gurasa da yashi? Allah ya ba ku lafiya!
Ni tuwona zan tuƙa, in yi shara.
Ku hau dutsenku, ku gaishe da Buzaye,
Gwiwata ba ta daina ciwo ba tun bara.