Oxford ko Cambridge: wacce ya kamata 'yata ta karɓa?

Baban Likita, Agege

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masu sani a kan al'amarin 'yata, wadda likita ce a nan Legas. Allah Ya ba ta gurbin digiri na biyu a jami'o'i biyu na Ingila: Oxford ta ɗauke ta a fannin kiwon lafiyar ƙasa da ƙasa da cututtukan ƙasashe masu zafi, Cambridge kuma a fannin lafiyar al'umma. Cambridge ta haɗa mata da tallafin da zai ɗauke kusan rabin kuɗin makaranta, Oxford kuwa ba ta ba ta komai ba, amma can hankalinta ya karkata, domin burinta shi ne aiki a kan zazzaɓin cizon sauro. Ni ɗan kasuwa ne, ban yi boko mai zurfi ba, kuma ba na so in tauye ta saboda kuɗi. Tana da aure da ɗa guda.

Malam na Idi-Araba

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah Ya sanya albarka. A wajen suna babu wadda ta fi wata, kuma duk wanda zai ɗauke ta aiki ba zai raina ko ɗaya ba. Abin dubawa shi ne abin da za a koya mata a cikin shekara guda, domin lokacin gajere ne ƙwarai. Karkatarta zuwa Oxford tana da dalili: a cibiyar Jenner ta jami'ar aka samar da rigakafin zazzaɓin cizon sauro na R21, wanda hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta NAFDAC ta amince da shi a 2023, aka kuma fara yi wa yara a Kebbi da Bayelsa a watan Disamba na 2024. Wanda ya zauna kusa da masu wannan aiki zai samu malaman da za su buɗe masa ƙofar digiri na uku. Sai dai ta buɗe jadawalin darussan Cambridge ta karanta shi da kyau, domin su ma suna da ɓangaren cututtuka masu yaɗuwa, kuma ilimin ƙididdiga da za ta samu a can shi ne abin da likitocinmu da yawa suke nema.

Hajiya Mai Atamfa, Obalende

Alhaji, ni maganar kuɗin ce ta tsaya mini, domin na ga yadda ta kasance da ɗan ƙanwata. Tun da aka saki naira, kasuwa ta riƙa yanke darajarta, a watan Yunin 2023, lissafin da mutum ya yi da safe ba ya kai shi yamma. Yaron nan ya tafi da kuɗin zango na farko kaɗai, sai ga mahaifiyarsa tana kwance sarƙoƙinta tana kai wa masu gwal don cike na biyu, shi kuma yana aikin dare a shago lokacin da ya kamata ya riƙe littafi. Kafin a ba da biza ma sai an nuna kuɗin makaranta da na zama sun kwana 28 a jere a asusu, ga kuɗin inshorar lafiya, ga gwajin tarin fuka da ake yi a Ikeja. Rabin kuɗin makaranta ba ƙaramin abu ba ne, kada a sake shi sai an riƙe wani a hannu.

Sannan a zauna da mijinta tun yanzu. Daga Janairun 2024 Birtaniya ta hana masu irin wannan digiri na zaman aji, wanda ba na bincike ba, tafiya da iyali, sai wanda gwamnati ta ɗauki nauyinsa. Wa zai riƙe yaron?

Tsohon ɗalibi, Ikorodu

Baba, na yi karatu a Ingila, kuma shawarata ita ce ta rubuta wa sashen nata na Oxford a wannan makon, ta gaya musu gaskiya cewa wata jami'a ta ba ta tallafi, ta tambaya ko akwai abin da ya rage a sashen ko a kwalejin da aka sanya ta. Ba abin kunya ba ne. In amsar ta zo babu, ta karɓi Cambridge da zuciya ɗaya kafin wa'adin ya wuce. Ta fuskar addini kada ku damu, domin Cambridge tana da babban masallaci a titin Mill da aka buɗe a 2019, Oxford ma tana da masallatai da shagunan halal a yankin Cowley.

Baban Likita, Agege

Na gode, Allah Ya saka da alheri. Hajiya, mahaifiyarta ce za ta riƙe yaron, mijin ya amince. Wasiƙar kuma yau da dare za ta tura ta, in sha Allahu.